Giwan Ruwan Mai Ciki

Lokacin da matata take da cikin fari, muna haya a Akurba, ta tsiri kwaɗayin giwan ruwa. Ba busasshe ba, ɗanye, wanda aka fitar daga ruwa ranar. Tuwo ta ture, shinkafa ta ture, kullum sai ramewa take yi. Tsoro ya kama ni sosai.

Akwai wani masunci a bayan layinmu, matarsa na sayar da kifi a kasuwar Lafiya. Ni dai ban taɓa yarda da shi ba, mutum ne da ba ya kallon ido in yana magana. Amma da na yi masa bayani ya ce in shirya ran Asabar mu je tafki, duk abin da ƙugiyata ta kama nawa ne.

Na goya shi a babur bayan asuba. Kwale-kwalensa ɗan ƙarami ne, yana yoyo, ya miƙo mini ƙwarya in riƙa kwalfe ruwa. Tun daga nan na fara zarginsa. Duk inda na ga ruwa na motsi sai ya karkatar da mu wani wajen. Ƙaramar karfasar da ya maƙala mini a ƙugiya ma sai na ga kamar ta fi tasa laushi. Na ce a raina, wannan ɓoye mini wuraren kifinsa yake yi.

Rana ta take, igiyata ta yi wata irin fizga har ta yanke ni a tafin hannu. Muka yi ta fama, kwale-kwale na tangaɗi, har kifin ya gaji. Giwan ruwa ne, tsawon hannuna, ƙugiya ta tsaga masa leɓe ta hagu. Masuncin ya rungumo shi, ya shafa cikinsa, ya zare ƙugiyar, ya sake shi cikin ruwa ina kallo.

Na yi ihu har muka kusa kifewa.

“Oga, yi haƙuri,” ya ce, idonsa a kan ruwa. “Wannan mace ne, yana da ƙwai. Matanka ma yana da ciki. A wurinmu ba a kai wa mai ciki mai ciki. Ba kyau.”

Ban taɓa jin wannan al'ada ba, kuma na tabbata a lokacin ya ƙirƙiro ta. Muka dawo da tarwaɗa biyu, matata ko kallonsu ba ta yi ba.

Ran Litinin na bi ta kasuwa da gangan. Ga giwan ruwa a faifan matarsa, tsawon hannuna. Na durƙusa na buɗe bakin.

“Oga, me kana nema a bakin kifi?” ta ce.

Leɓen hagu a tsage yake. Na ce ta farke cikin a gabana, in kama mijinta da ƙarya. Ta sa wuƙa, sai ga ƙwai cunkus, ya zubo a faifan.

Ta ɗauko takarda za ta naɗe mini. Na tsaya ina kallon ƙwan nan, ina tuna cikin matata. Na san wasa da hankalina mutumin ya yi, amma wallahi na kasa miƙa hannu. Haka na koma gida, matata na zaune a bakin ƙofa tana duban hannuna.