Ranar Da Na Tsallaka Jikata

Shekarun baya, ina yi wa jikata kitso, sai na ga wani baƙi mai laushi ya zagaye bayan wuyanta. Na dirje shi da soso har ta yi kuka, bai fita ba. Na san baƙin nan. Shi na gani a wuyan uwarta, 'yata, ranar da muka yi mata wankan ƙarshe, bayan ciwon sukari ya gama da ita.

Lokacin yarinyar tana sakandare, ƙiba ta yi mata yawa, daga tabarma in ta miƙe sai haki. Na kai ta asibiti aka ɗebi jini. Likitar ta ce ciwon bai shigo ba tukuna, amma yana tsaye a bakin ƙofa: sukari ya hau, kitsen jini ma ya hau. A canja ci, a motsa jiki, a dawo bayan wasu watanni.

Ban yi boko ba, amma gadi na iya. Na kori lemon kwalba da fanke daga gidana, na rage malmalar tuwo, na ƙara wake da ganye. Kullum bayan sallar asuba in tasa ta gaba mu bi gefen layin dogo, ina biye da sandata.

"Kaka, wai soja ya haife ki ne?"

"Ɗaga ƙafa dai, uwar surutu."

Ƙibar ta fara sauka, jikinta ya faɗa. Unguwa kuma ta fara yi mini wani irin shiru. Aka daina aiko yara gidana. In na gifta, mata su ja 'ya'yansu cikin hijabi. Wata rana na ji wani yaro ta bayan katanga yana cewa ga tsohuwar da ke cin jikarta.

Sai ga gwaggon yarinyar daga Wushishi.

"Iya, ba zarginki nake ba. Amma yarinya ta zube. Ki tsallaka ta hankalin kowa ya kwanta, in ba haka ba yau zan tafi da ita."

Haka ake sa mayya ta saki kurwar wanda ta kama. In na yi, na amsa sunan. In na ƙi, za a kai ta inda za a ɗura mata ƙibar da ta sauke.

Aka kwantar da yarinyar kan tabarma a tsakar gida, ta rufe ido, hannuwa a miƙe. Wallahi uwarta na gani a kan tabarmar. Na tattare zanena na tsallaka.

Sharaɗina ɗaya, gwaggon ta raka mu asibiti. Da sakamako ya fito, likitar ta ce sukari ya sauka, kitse ya ragu, kada mu saki hanyar da muka kama. Gwaggo ta tafa hannu: "Alhamdulillahi, tsallakar ta yi aiki!" Na ƙyale ta. Ta koma Wushishi ita kaɗai.

Yanzu jikata ta girma, baƙin ya dushe. Har yau akwai gidajen da ba a cin tuwona na sallah, kuma abin ya daina yi mini zafi. Amma duk sanda ta durƙusa gaishe ni, kafin in amsa, sai na ɗaga ɗankwalinta na duba wuyan.