Dutsen Niƙan Inna Daga Zuru

Abin dariya ne a ce mutumin Dogon Dutsi ya bar gida neman dutse, amma namu marmara ne, in an yi niƙa da shi rabin tuwon tsakuwa. Na Inna, wanda aka kawo ta gidan aure da shi, ya siɗe har ya huje. Haƙoranta ba sa jure tsakuwa, ta rage ci, ta soma ramewa. Wannan ya sa ni, tela, na bi Baba Nomau, madugun da ke kawo duwatsu daga Nijeriya, shekara ta biyu da samun mulkin kai.

Dutsi zuwa Birnin Kebbi

Kafin kiran assalatu muka ɗaure wa raƙuma kaya, muka bi busasshen kwarin da ake kira dallol muka yi kudu. A Tibiri muka kwana gidan wani mahauci, aka cika mu da tuwon hatsi da miyar kuka. 'Yan duwan, wato kwastan na kan iyaka, suka dudduba takardunmu, Baba Nomau kuwa gaisawa kawai suka yi, don ya girmi shingen nasu a wannan hanya. Mun bar raƙuman hannun yaran madugu a bakin gulbi, kwalekwale ya ƙetare da mu, daga Birnin Kebbi muka hau bayan wata babbar motar kaya ta Jega, ita ta kai mu har Zuru.

Zuru

Nan na ga aikin da har yau nake ba da labarinsa. Masu fasa dutse sukan hura wuta a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ta yi ta ci, can sai ka ji ƙara, falle guda ya ɗago. Su sa guduma su sassaƙe shi kusurwa huɗu, su feƙe masa ɗan dutsen da za a riƙa gurzawa da shi. Wani dattijo da hannunsa ya yi kanta ya hana ni wanda na fara zaɓa, ya ƙwanƙwasa shi na ji muryar ta dushe, ya ce akwai tsaga a ciki. Ya ba ni wani mai amo garau. Na sa alli irin namu na ɗinki na yi masa alama, ina ta ji da kaina.

Komowa

Kowane raƙumi dutse biyu yake ɗauka, dama da hagu, a naɗe cikin tabarmi. Mun wuce mota, mun wuce gulbi, mun wuce duwan lafiya. Sai da muka zo Tibiri da la'asar raƙumin da ke ɗauke da nawa ya tsorata, ya durƙushe gaba ɗaya a kan wani tudu. Da aka kwance, ga allina nan, rabi a wannan ɓari, rabi a wancan. Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba, ƙato da ni.

Baba Nomau ya sa aka sauke mafi kyau cikin nasa. Na ce ba zan karɓa ba, nawa ne ya fashe.

"Ɗana, kai baƙon hanya ne," in ji shi. "Dutsi ba shi da mai shi sai ya kai gida. Wanda ya hwashe bisa hanya na madugu na. Ɗauki, kak ka ɓata min suna."

Gida

Washegari da yamma muka shiga Dutsi, mutum biyu suka kama mini muka dire shi a gindin rumbu. Inna ba ta ko dube ni ba. Ta durƙusa ta shafa shi, ta sa aka kawo dusa ta gurza ta zubar wa awaki, sannan ta zuba hatsi. Ta ɗebi garin ta murza a yatsa, ta kai baki.

"Wanga shi bizne ni, shi bizne matakka," ta ce. "Ku aza tukunya, yunwa nika ji."

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya. Baba Nomau kuwa, Allah ya saka masa da alheri.