Tukunyar Iri da Mabuɗin Baba

Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin da ciyawar kacalla ta cike kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Mu baƙi ne a wurin. Daga tsaunukan Filato iyayena suka zo noman rani, kuma baƙuntar ce ta sa manoman layinmu suka damƙa wa mahaifina, Ishaya, mabuɗin ƙofar ruwa. Cewa suka yi shi ba shi da ƙani ko suruki a cikinsu da zai fifita. Kowane rukunin gonaki da ranarsa. Baba ne yake murɗa ƙofar ya juya ruwan, ya kulle, ya rataye mabuɗin a wuya.

Gonarmu tana can ƙarshen layi, ranarmu kuwa Alhamis. A waccan shekarar kafin ruwan ya iso mana ya riga ya gaji, sai dai ya jiƙa bakin kunyoyi ya tsaya. Ga tumatirinmu yana fure, furen da ya sha ƙishirwa kuwa zubewa yake yi. A kan wannan furen aka ɗora maganar tafiyata makarantar kwana.

Ni dai a lokacin hankalina yana kan littattafan soyayya da nake arowa a kasuwar Kura, ina ɓoye su cikin littafin waƙoƙin coci. A cikinsu na koyi cewa duk wanda ya yi haƙuri, kafin shafin ƙarshe sai mota ta tsaya a ƙofar gidansu.

Kaka Saratu, mahaifiyar Baba, ita ce mai tatsuniyar gidanmu. Da sanyin yamma takan tara ƙaiƙayin shinkafa ta cinna masa wuta da kara. Wutar ƙaiƙayi ba ta harshe, a ciki take ci, sai ɗumi da hayaƙi. Mu yara mu kewaye ta, idanunmu na ruwa, muna jiran a gama tuwo ta fara.

Wata Lahadi ba ta jira tuwo ba. Rana ta kusa faɗuwa, na ji Mama tana yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa a bakin madafa.

"Baban Rifkatu, yanzu za a kira magariba. Kowa zai shige masallaci, kai kaɗai ne a waje. Ka juyo mana ruwan ko kaɗan ne. Kafin Alhamis babu abin da zai rage."

Baba ya jawo takalmansa na roba ya fara sawa. Sai Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku matso, baƙuwata ta iso da wuri yau. Ku ba ta wuri." Haka take buɗe tatsuniya. Muka ce baƙuwar ta zauna. Kaka ta dubi Baba. "Kai ma Ishaya, tsufa bai kama ka ba tukuna. Zauna."

Ta ce a wani gari cikin duwatsu an yi shekarar yunwa. Dattawan ikilisiya suka ga mutane sun fara cin irin shukarsu, sai suka tattara accar da ta rage a hannun kowa, suka zuba a babbar tukunya, suka liƙe bakinta da laka, suka yi addu'a a kanta. Suka kai ta ɗakin wata gwauruwa mai suna Ladi, domin ba a taɓa jin ta ɗauki ko allurar wani ba. Suka ce, wannan na Ubangiji ne har ruwan farko ya sauka.

Ladi tana da ɗa guda. Suka ci ganye, suka ci saiwa, har ganyen ya ƙare. Yaron ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Yakan rarrafa ya jingina kansa da tukunyar, ya ce, Inna, ina jin ƙanshi. Ita kuwa ta san da ɗan dutse za ta iya fasa lakar, ta ɗebi tafi biyu, ta sake liƙewa, babu mai sani.

A nan ladan ya ɗaga murya. Na ga Baba ya dafa gwiwa zai tashi. Kaka ba ta dube shi ba, ta dai ci gaba, muryarta a hankali. Ta ce sau uku Ladi ta ɗauki dutsen, sau uku ta ajiye. Da ruwan farko ya sauka dattawa suka zo, suka tarar da lakarsu yadda suka bar ta. Aka raba iri, gari ya yi shuka, gari ya rayu. Yaron bai ga girbin ba.

Na jira sauran, na ji babu.

"Kaka, daga nan sai wani attajiri ya ji labarinta ya aure ta ko?"

"Ji 'yar nema! Wane attajiri a kan dutse? Waɗannan littattafan sun lalata miki kai. Gida ta koma, ta ɗauki fartanya kamar kowa."

Mama ta ce wa Kaka, "Haba Mama, wannan ai ba labarin yara ba ne."

"Wa ya gaya miki yara nake ba wa?" in ji Kaka. Sannan ta juya ga Baba. "Mutanen nan ba sa shiga cocinmu, Ishaya. Kai ne littafin da suke karantawa. In ka murɗa ƙofar nan suna sujada, ba su kaɗai ka zalunta ba."

Muka ji mutane suna fitowa daga masallaci suna gaisawa. Baba ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe. Mama ta shige ɗaki, ranar ba ta ci tuwo ba.

Kafin Alhamis furen ya zube. Na bi Baba gona na ga ƙasa ta yi rawaya da shi. Ban tafi makarantar kwana ba, ba a shekarar ba, ba kuma daga baya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya gode masa, domin babu wanda ya san abin da ya fasa yi. Manoman layinmu sun jajanta masa asarar, suka loda kwandunansu a mota zuwa kudu.

Na yi shekaru ina jin haushin Kaka. Gani nake da makomata ta saya wa ɗanta suna. Har ta rasu ban gaya mata ba. Sai da na girma, na ga yadda mutane suke fasa amana da dalilai masu kyau, kowa da yaronsa mai jin yunwa, sannan na gane cewa aminci a gaban Allah ba ciniki ba ne, kuma ba kullum ake biyan sa a inda ido zai gani ba. Ganewar ba ta sa abin ya daina ciwo ba.

Bara na tambayi Baba, yanzu da idanunsa suka dushe, ko ya taɓa yin nadama.

"Duk ranar da na ga 'yan makaranta sun wuce, ina yi," ya ce. "Ki yafe mini, Rifkatu. Amma da za a mayar da ni yammacin nan, zama zan sake yi."