Injin Ban-ruwana da Jirgin Yaya

Har yau in na shaƙi hayaƙin fetur da aka gauraya da baƙin mai, sai raina ya ɓaci.

A shekarun tamanin gonata tana can ƙarshen magudanar ruwa, wajen Bunkure, inda ruwa ba ya hawowa sai an jawo shi. Raguna biyu na sayar na sayi ɗan ƙaramin injin ban-ruwa, irin wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur ɗinsa. Hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace, amma bai taɓa ba ni kunya ba.

Yayana mai gyaran babur ne a Kura, kuma wata lalura ta kama shi, wai sai ya ƙera jirgin sama. A bayan rumfarsa ya harhaɗa kwanon rufi da bututu da tayoyin baro, ya sassaƙa farfela da katako. Muna dariya, ban san da ni za a yi ba.

Ranar da tumatirina ya cika da fure, ƙasa ta fara tsagewa, na shiga zaure in ɗauki inji, sai na tarar da famfo da tiyo kawai. An kwance kan injin.

Na sami Yaya ya ɗaure injina a hancin jirgi, mutane sun kewaye shi.

Na ce, "Haba Yaya! Ko sallama babu? Yau ne ranar ruwana!"

Ya ce, "Kai dai ka cika gaggawa. Kafin la'asar na mayar maka."

Da ido na ga ya tsiyaye fetur ɗin da na haɗa, ya zuba tsantsa. Na ce in babu baƙin mai zai kashe injin. Ya ce, "Ka taɓa ganin jirgin sama yana hayaƙi?" Wallahi bakanike ne ya faɗi haka! Amma ƙane ba ya yi wa wansa gardama a gaban jama'a, sai na ja gefe.

Yaya ya hau, inji ya tashi, ya yi kururuwa, jirgi ya gangara kamar taku talatin. Sai ƙif. Inji ya cije, igiyar tayar da shi ma ta ƙi janyuwa.

Yaya ya sauko yana share gumi, ya ce, "Alhamdu lillahi da a ƙasa ya mutu. Da a sama ne fa?" Jama'a suka yi ta yi masa barka.

Ni ko sannu ba wanda ya ce mini. Kwana tara ina jidon ruwa da bokiti, furen yana zubewa a gabana.