Na Tsaye Rabon Direba Ne

Gwaggo Tela ba ta sayen jarida don labarai. Ta ce manya su yi ta cacar bakinsu a shafin farko, ita na baya take so, inda ake buga wasan cike kalmomi: gidaje farare da baƙaƙe, tambayoyi a ƙarƙashi, wasu amsarsu a kwance, wasu a tsaye. Kowace rana da jigonta. Yau tsuntsaye, gobe kayan kicin, jibi abubuwan da ake gani a asibiti.

Tun yaransu na ƙanana suka raba wasan ita da mijinta, wanda duk layin ke kira Direba saboda motar haya da ya ja har gwiwarsa ta gaza. Na kwance nata, na tsaye nasa. Ita da biro take yi, da safe kafin ta hau keken ɗinki, don a cewarta mai fensir bai yarda da kansa ba. Shi kuwa sai rana ta take, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ciro fensir daga bayan kunne. Bahago ne, gefen hannunsa yana bi ta kan abin da ya rubuta, takarda ta yi duhu, hannun ma ya yi. Ta yi mita har ta gaji.

Sun san daɗin tambaya mai kyau. Ranar da jigo ya faɗo kan kayan ɗinki, ta ci karo da wata: "Duk inda allura ta shiga yana biye, amma shi ake bari a can." Ta rubuta zare, ta yi ta dariya ita kaɗai, ta ce wanda ya tsara wannan ya taɓa zama kusa da tela.

Da ta karanta wa Direba sai ya ce, "Ni da ke ke nan."

"To wa ye allurar?"

Ya ƙi faɗa. Ashe shi ne. Wata safiya ya ce kansa na sarawa, kafin la'asar an yi jana'izarsa.

Ba ta daina sayen jaridar ba. Takan cike rabonta, ta bar nasa da ramuka kamar bakin mai giɓi, ta ajiye a kan kujerar. Maƙwabta suka ce ta ƙarasa mana. Ta ce ba ta taɓa shiga rabon wani ba, ba kuma yanzu za ta fara ba.

Wata rana ta tashi daga ɗan barcin da takan yi bayan azahar, ta zo wucewa ta gaban kujerar, sai ta tsaya cak. An cike na tsaye. Da fensir ne, an danne shi har ya kusa huda takarda, ga duhun nan ya shafe gidajen daga hagu zuwa dama. Ƙofar waje a kulle, mukulli a bakin zanenta. Ta taɓa kujerar, ta ji ta da ɗumi.

Tsoro ya kama ta, ba ƙarya. Amma washegari har da sauri ta cike rabonta ta kai wa Direba kan kujerarsa. Kullum kuma sai ta tarar an yi.

A lokacin ne Auta, ɗanta da ke aiki a ɗaya gefen gari, ya matsa mata ta koma gidansa. Ya gyara mata ɗaki, har da wurin ajiye keke. Ta kawo uzuri kala-kala: masu kawo ɗinki, matakalar gidan nasa, surukarta da za a takura. Ainihin dalilin ta riƙe a ciki. In ta tashi, Direba zai zo ya tarar da baƙi a gidan, babu kujera, babu jarida, babu ita.

Da ya dame ta, ta fito masa a mutum. Auta ya daɗe yana kallon takardar.

"Inna, ke ce kike cikewa, ki manta."

"Ni? Ko cokali ban iya riƙewa da hagu ba."

Bakinta ne ya musa, amma maganar ta zauna mata. Mahaifiyarta sai da ta kai ba ta gane 'ya'yanta kafin ta rasu. Gwaggo ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro, mamaci a kujera ko kanta da ya fara zuba.

Sai ga ranar da jigo ya zo kan kayan mota. Ta samu taya da madubi da fitila, daga nan biro ya ƙi gaba, ta ajiye. Da ta farka, ga na tsaye reras. "Yana shan ruwa don kada inji ya yi zazzaɓi": lagireto. Ga kafireto, ga fulogi, ga wasu da ko karanta su ba ta iya ba. Jaridar washegari ta bugo amsoshi, ko ɗaya bai kuskure ba. Nan take ta kira Auta.

"Zo ka gaya mini a gidan uban wa na san kafireto!"

Ya zo, amma bai ko dubi jaridar ba. Ya durƙusa a gabanta, idonsa ja.

"Inna, jiya da rana na shigo da mukullina. Kina zaune a kujerar Baba, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na yi sallama, ba ki ɗago ba. Kika ce, 'Kwandasta, rufe mana ƙofa, iska na ɗaga takarda.'"

Babu mai kiran Auta Kwandasta sai ubansa. Ita ma ta sha hana shi.

"Yau ma kin kwanta da rana?"

Ta gyaɗa kai. Ya kamo hannunta na hagu a hankali, ya juya shi. Daga ƙaramin yatsa har wuyan hannu, baƙin fensir ne yana sheƙi.

Ta daɗe tana kallon hannun. Hannunta ne, da tabon allura da komai, amma sai ta ji kamar ta kama baƙo a ɗakinta. Ta so ta yi ihu. Sai kuma wani abu ya faɗo mata, tsoron ya ɗan ja baya: ashe duk wannan zaman gadin kujerar a banza take yi. Direba ba gidan yake zuwa ba, wurinta yake zuwa.

"Gobe zan kai ki asibiti," in ji Auta.

"Ka kai ni. Ka kuma zo da mota a kwashe kaya, zan koma wurinka. Kujerar ka ba wa mai so." Ta ɗauki jaridar ta naɗe. "Ana sayar da jaridar nan a unguwarku?"

Ya ɗebo ruwa da sabulu zai wanke mata hannun, ta ɓoye shi a cikin mayafi.

Ranar tashi ta zauna a gaba, keken ɗinki ɗaure a baya, jarida a cinyarta, ta riga ta cike na kwance. Auta ya shiga kwana da gudu. Hannunta na hagu ya ɗaga da kansa ya bubbuga gaban motar, yadda Direba kan yi in yana so a rage wuta. Auta ya taka birki. Gwaggo ta sa hannun dama ta riƙe na hagun a kan jaridar, ba ta sake shi ba har suka isa.