Ƙararrawar da Baba Ya Ɗauko a Boma

Kano zuwa Ikko. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Fagge, ni da Baba. A aljihuna akwai 'yar ƙararrawar tagulla da ya tsinko a wani tsohon wurin bauta lokacin yaƙin Boma. Shekara goma ke nan tana hana shi barci, ya rantse sai ya mayar. Kofur Obi, telan Sabon Gari da suka yi soja tare, shi ya samo mana gurbi a jirgin ruwa na kaya, ya kuma rako mu tasha.

"Malam Sule, in aka kama ka da ita, ɓarawo za su ce, ba mai mayarwa ba," in ji Kofur Obi.

Sai Baba ya cusa mata auduga don kada ta yi ƙara.

A teku. Kwana arba'in da ɗaya. Na yi aman da ya ƙara wa teku zurfi. Da na warke na zare audugar, ina kaɗa wa kukun jirgin ƙararrawar a bayan ƙofa har ya fara zargin aljanu. Audugar kuwa iska ta tafi da ita. Ban faɗa wa Baba ba.

Rangun, babban birnin Boma, zuwa ƙauyen da Baba ya tsinko ta. Jirgin ƙasa awa shida, keken shanu mil tara. Shinkafa safe, shinkafa rana. Ƙarfe uku muka hango fagoda, wato hasumiyar ibadarsu, tsininta na zinariya.

A ƙofa aka ce a tuɓe takalmi. Ina sunkuyawa: ƙilin!

Mai gadi ya damƙe wuyan rigata, ya zaro ta. Mutane suka kewaye mu, wani har da gora.

"Tanko, ina audugar?" in ji Baba.

"Tana teku, Baba."

Wani tsohon malaminsu, kai a aske ƙwal, ya karɓa. Ya juya ta, ya daɗe yana duban Baba. Baba ya nuna ƙirjinsa, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ja mu bayan ginin, ya nuna jerin ƙararrawa a bakin rufi. Ƙugiya ɗaya ba komai, ta yi tsatsa.

Baba ya kama tsani, gwiwa ta ƙi. Ni da na gama hawan bishiyoyin mangwaron Fagge kaf, na haye na rataye ta. Mai gadi ya sauke ni da hannunsa, har ya gyara mini wuyan riga.

Gida. Ranar Talata da la'asar muka sauka Kano. Godiya ga Allah da ya dawo da mu, da Kofur Obi. Baba kuwa tun a kan tabarmar baƙi ya ɓingire, minsharinsa har Sabon Gari. Inna ta ce kowa ya tashe shi, ita da shi.