Kifin da Idonsa Ya Yi Ƙaura

Tun da Baban Rahma ya ce ranar Asabar zai tafi da 'yar tamu bakin teku kamun kifi, abinci ya daina shiga cikina. Shekararta shida, ko a baho ba na barinta ita kaɗai. Jiya ya baje ƙugiyoyinsa a teburin kicin ɗinmu nan unguwar Glenwood yana koya mata halin wani kifi da suke kira filanda. Ina wanke-wanke, amma kunnena na wurinsu.

"Shi wannan ba ya yawo," in ji shi. "Kwanciya yake a ƙasan ruwa, ya lulluɓe jikinsa da yashi, sai idanu. Jatan lande ko ɗan kifi ya zo wucewa, caraf! A ƙasa za ki ja abincin, sannu a hankali. In kin ji nauyi kada ki fizga, bari ya haɗiye tukuna."

Ya nuna mata hoto a waya, na leƙa. Saura kaɗan faranti ya suɓuce mini. Kifin Kaka ne.

A zangon Sekondi, a Ghana, na tashi hannun kakata ta wajen uwa. Bandar kifi take yi. Da magariba sai mu jikoki mu kewaye murhun, hayaƙi na sa mu hawaye, kowa da dokununsa, tuwon masarar can. In za ta fara tatsuniya, takan buga ice a gefen murhu ta ce, "Ga baƙuwa ta iso." Mu ce, "Ta zauna mu ji." Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta shafaffen kifi, haka take kiransa.

Wai da can uwar kifin nan kamar kowa take, ido dama, ido hagu. Wata rana ɗanta ya bi igiyar ruwa ya yi sama. Sai ta kwanta a ƙasa ta gefe ɗaya tana kallon inda ya bi. Idon da ke cikin yashi ya ce, "Ni fa ba na ganin komai a nan," ya rarrafo ya dawo kusa da ɗan'uwansa. Ta daina fita neman abinci, sai abin da ya gifta bakinta. Jikinta ya baje, launinta ya koma na yashi.

"Kaka, ɗan ya dawo?" Kullum ni ce mai tambaya.

"Ke da azarɓaɓi kamar tusar jaki! Ya dawo mana, ƙato. Ya yi ta kewaya yana kiran Inna, Inna. Bai ga kowa ba, sai idanu biyu a yashi suna binsa. Tsoro ya kama shi, ya wuce." Sai ta juya kifin da ke kan ragar banda ta ce, "Baƙuwa ta tashi, kowa ya nemi tabarmarsa."

Sai da na yi aure mahaifiyata ta gaya mini labarin Kawu Sani, autan Kaka, wanda ya bi masu kwale-kwale yana saurayi, ba a ƙara ganinsa ba. A nan na tuna Kaka ba ta taɓa kwanciya ta ba ƙofa baya ba, kuma ba ta sa sakata.

Batun idon kuwa, Baban Rahma ya ce gaskiya ne, ana ƙyanƙyashe kifin da ido a kowane gefe, daga baya ɗaya ya ƙaura. Ban yi boko mai zurfi ba, ban san dalilin masana ba. Na dai san na Kaka.

Ina tsaye ina kallon ƙugiya kusa da ɗan yatsan Rahma, sai ta ɗago. Da Turanci ta ce, "Mama, me ya sa kullum kallona kawai kike yi?"

A wurin wasa kallo, a bakin bas ɗin makaranta kallo. Yaushe rabon da in yi dariya da ita?

Har yanzu gabana na faɗuwa, ba zan ɓoye ba. Amma yau da safe na hau bas na sayo rigar ruwa mai hana nutsewa, ƙarama ɗaya, babba ɗaya. Baban Rahma ya ɗaga babbar ya ce, "Maman Rahma, wannan ai ba za ta shige ni ba."

Na ce, "Ba taka ba ce. Ka ɗaura mini ƙugiya ɗaya."